Yadda Rasit Ya Sauke Kakakin Majalisar Birtaniya

A ranar 8 ga Mayu, 2009, jaridar Daily Telegraph ta Landan ta fara buga takardun kuɗaɗen da 'yan majalisar dokokin Birtaniya suka karɓa daga baitulmali da sunan hidimar aiki. Ta shafe makonni tana yi, kowace safiya da sababbin sunaye. Kafin ƙura ta lafa, kakakin majalisa ya sauka, ministoci sun ajiye aiki, daga baya kuma wasu sun ɗanɗana gidan yari. Mai son gane yadda aka kai ga haka, sai ya fara daga batun gida biyu.

Majalisar Wakilai tana da kujeru 646 a lokacin, kuma mazaɓun mafi yawansu nesa suke da Landan. Dole ɗan majalisa ya sami wurin kwana kusa da majalisa, ya kuma riƙe gida cikin mutanen da suka zaɓe shi. Don haka aka ware alawus na gida na biyu, wanda ya kai kusan fam 24,000 a shekara, ban da albashi na kusan fam 65,000. Da shi ake biyan haya, ko kuɗin ruwan bashin gida na banki, da gyare-gyare da kayan ɗaki. Wannan tsari yana da hujja, domin in babu shi mai kuɗi kaɗai ne zai iya wakiltar mazaɓa mai nisa.

Ɓarakar tana wajen sa ido. 'Yan majalisar ne suka rubuta ƙa'idar, kuma ofishin da ke tantance takardunsu a ƙarƙashinsu yake. Kamar dai mai awo ne a kasuwa: mudun nasa ne, kuma shi ne mai duba mudun. Har zuwa 2008, duk abin da bai kai fam 250 ba ana biya ba tare da rasit ba. Kuɗin abinci kuwa, a lokacin mutum na iya karɓar fam 400 a wata ba a tambaye shi komai ba. Ga kuma wata fahimta da ta zauna a zukata: tunda gwamnatoci suna tsoron ƙara albashi don gudun surutun jama'a, to alawus ɗin cikon albashi ne, wanda bai kwashe nasa duka ba shi ya so.

Dabarar da ta fi yin suna ita ce sauya gida, kuma tana buƙatar a bi ta a hankali. Ɗan majalisa da kansa yake faɗin wanne ne gidansa na biyu. Sai ya ce na Landan ne, a gyara shi da kuɗin jama'a, a zuba kujeru da talabijin. In aiki ya kammala, sai ya rubuta wa ofis cewa yanzu na mazaɓa ne na biyu, shi ma a gyara. Akwai kuma mataki na uku. A dokar harajin Birtaniya, wanda ya sayar da ainihin gidan da yake zaune ba ya biyan haraji kan ribar, amma gida na biyu ana biya. Saboda haka gida ɗaya sai ya sami suna biyu: a gaban majalisa na biyu ne, don a karɓi alawus, a gaban hukumar haraji na farko ne, don a tsira da riba. Irin wannan zargi ne ya hau kan minista Hazel Blears, wadda ta fito a talabijin tana ɗaga cek na fam 13,332 da ta ce za ta aika wa hukumar haraji.

To, yaya asiri ya tonu? Tun 2004 majalisa take buga jimillar abin da kowane wakili ya karɓa, kuma ba wanda ya ta da jijiyar wuya, don jimilla ba ta nuna abin da aka saya. A 2005 dokar 'yancin samun bayanai ta fara aiki, sai 'yar jarida Heather Brooke da wasu abokan aikinta biyu suka nemi bayani dalla-dalla. Majalisa ta ƙi. A 2007 ma wakilai sun zartar da ƙudurin cire kansu daga dokar, sai dai ya mutu a Majalisar Dattawa don ba a sami mai ɗaukar nauyinsa ba. Aka yi ta shari'a har Mayu 2008, lokacin da Babbar Kotu ta ce a saki takardun.

Majalisa ta amince, amma ta ɗauki ma'aikata suna bin takardun suna shafe wasu wurare da baƙi, ciki har da adireshi. A tsakiyar wannan aiki ne wani ya kwafi takardun a faifai kafin a shafe, faifan ya bi ta hannun wani tsohon soja, John Wick, ya isa Telegraph a kan fam 110,000. Ana iya sukar jaridar da ta sayi bayanan da aka fitar ta bayan fage, kuma an soke ta. Sai dai da majalisa ta buga nata a watan Yunin 2009, shafi bayan shafi baƙi ne ƙirin. Ba adireshi, ba yadda za a gane wanda ya sauya gida. A ganina wannan kaɗai ya wanke jaridar.

Abin da ya fi ƙona ran mutane kuwa ƙananan abubuwa ne. Ɗan majalisa Sir Peter Viggers ya nemi fam 1,645 na wani ɗan ɗaki mai yawo kan ruwa da ya saya wa agwaginsa. Ba a ma biya shi ba, amma hoton ɗakin ya zama tambarin badaƙalar. Douglas Hogg ya sa kuɗin yashe gwalalon da ya kewaye gidansa na ƙauye cikin lissafin da ya miƙa. Ministar cikin gida Jacqui Smith ta nemi a biya ta matoshin bahon wanka da bai kai fam ɗaya ba, bayan ta ce ɗaki a gidan 'yar'uwarta a Landan shi ne ainihin mazauninta. A tuna kuma lokacin: bankuna sun durƙushe a 2008, an ceto su da kuɗin haraji, mutane na rasa aiki da gidaje. Biliyoyin da aka zuba wa bankuna sun fi ƙarfin lissafin talaka, amma matoshin baho ya san kuɗinsa, don da guminsa ya sayi nasa.

Amsar da kusan kowa ya bayar iri ɗaya ce, wai bai karya ƙa'ida ba. Sau da yawa gaskiya suka faɗa, kuma wannan gaskiyar ce ta ƙara hura wutar, domin kowa ya san wanda ya rubuta ƙa'idar. A shirin muhawara na BBC, masu sauraro sun yi wa manyan 'yan siyasa ihu ido da ido. Kakaki Michael Martin ya ƙara dagula lamarin da ya fi mayar da hankali kan neman wanda ya fitar da faifan. Wakilai suka juya masa baya, ranar 19 ga Mayu ya sanar da saukarsa. Rabon da a tilasta wa kakaki barin kujera tun 1695. A farkon Yuni Smith da Blears suka bar gwamnati, a zaɓen Majalisar Turai na watan kuma jam'iyyar Labour mai mulki ta zo ta uku. Da zaɓen 2010 ya zo, wakilai kusan 150 ba su sake tsayawa ba.

Adalci ne a raba masu laifin kashi biyu. Akwai waɗanda suka ci moriyar ƙa'ida mai laushi. Mai bincike Sir Thomas Legg ya bi takardunsu, ya ce kusan mutum 390 su mayar da sama da fam miliyan ɗaya. Firayim Minista na lokacin, Gordon Brown, ya mayar da fiye da fam 12,000, jagoran adawa David Cameron ma ya mayar da nasa. Akwai kuma waɗanda suka yi ƙarya tsagwaronta. Elliot Morley ya ci gaba da karɓar kuɗin bashin gidan da ya riga ya gama biya. David Chaytor ya karɓi kuɗin hayar gidan da shi ne mai shi. Sun ce rigar kariyar majalisa ta hana kotu taɓa su, Kotun Ƙoli ta yi watsi da wannan a 2010. A 2011 aka ɗaure Chaytor wata 18, Morley wata 16, tare da wasu wakilai biyu da dattawa biyu.

Gyaran da ya fi muhimmanci shi ne ƙwace mudun daga hannun mai awo. An kafa hukuma mai zaman kanta, IPSA, wadda ta fara aiki a 2010. Ita ke biyan alawus, ita ke tsayar da albashi, kuma tana buga abin da kowa ya nema a intanet. An daina biyan kuɗin ruwan bashin gida, sai haya. A 2015 aka ƙara dokar kiranye, kuma a 2019 mutanen wata mazaɓa a Wales suka tuɓe wakilinsu Chris Davies da ita bayan kotu ta same shi da laifin ƙirƙirar takardun kuɗi.

Najeriya ma tana da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, kuma a 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis. Wannan jimilla ce, irin wadda Birtaniya ta yi shekaru tana gani ba ta motsa ba. Ɗan jarida ko ƙungiyar da za ta rubuta wa majalisa a ƙarƙashin wannan doka, ta nemi rasit ɗin da kansa: me aka saya, a wace rana, aka kai wane adireshi.