Wasan jiragen yaƙi a intanet: inda harbin mai laima ke jawo kora daga ƙungiya

Jirgin abokin gaba ya kama da wuta, matuƙinsa ya diro, laimarsa ta buɗe, ga shi yana reto a sararin samaniya, ba makami ba mafaka. Manhajar wasan ba za ta hana kowa ya juyo ya buɗe masa wuta ba. Sai dai a ƙungiyoyi da dama na masu wasan tuƙin jiragen yaƙi ta intanet, wanda ya aikata haka zai iya wayar gari ya tarar an goge sunansa daga rajista, ko da kuwa shi ne gwaninsu.

Ba irin wasan wayar salula da samari ke bugawa a fada suna jiran shayi ake magana ba. Waɗannan wasanni ne na kwamfuta da ke kwaikwayon jirgin gaske, tun daga tada inji har zuwa sauka. Daga cikin waɗanda suka fi suna akwai IL-2 Sturmovik, wanda ya fito daga Rasha a 2001, aka raɗa masa sunan jirgin Tarayyar Sobiyet da aka ƙera fiye da 36,000 a zamanin yaƙin duniya na biyu. Akwai DCS World na kamfanin Eagle Dynamics, wanda a cikinsa koyon maɓallan jirgi ɗaya kan ci makonni, sai kuma War Thunder na kamfanin Gaijin, wanda ya fi sauƙin shiga.

Masu wasan kan haɗu su kafa runduna ta kwaikwayo, sau da yawa da sunan wata runduna da ta yi yaƙi da gaske. Akwai kwamanda, akwai mai horar da sabbin shiga, akwai ranar atisaye da ranar fita fage. Ana haɗuwa ta Discord ko TeamSpeak, a zauna a saurari bayanin aikin daren, kowa ya san jirginsa da wanda zai rufa wa baya. Wasu rundunonin ma suna bin tsarin rai ɗaya: in matuƙinka ya mutu, muƙaminsa da duk nasarorin da ya tara sun tafi, sai ka sake daga tushe.

A nan ne batun laima ya sami nauyinsa. Wanda ya diro daga jirgi ya riga ya sha kaye, abin da ya rage masa shi ne ran matuƙin da ya shafe watanni yana raino. Harbinsa ba ya ƙara wa kowa komai sai mugunta. Kuma dokar tana da asali a duniyar gaske: sashe na 42 na ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977 ya haramta kai hari kan wanda ya diro da laima daga jirgin da ya lalace. Sojojin laima da aka sauke domin su kai farmaki kam ba su cikin wannan kariya. A lokacin yaƙin duniya na biyu babu wannan rubutacciyar doka, abin ya rataya ne a kan halin matuƙi, kuma an sha harbe masu laima a fagage da dama.

Shi ya sa masu wasan ke yawan tuna labarin Franz Stigler. Ranar 20 ga Disamba 1943, wannan matuƙin Jamus ya riski wani jirgin Amurka ƙirar B-17 da ya yi kaca-kaca bayan ruwan bama-bamai a kan birnin Bremen. Matuƙinsa, Charlie Brown, ɗan shekara 21 ne, maharbin da ke wutsiyar jirgin ya mutu, wasu sun jikkata. Stigler bai harba ba. Ya raka su har bakin teku, ya sara musu, ya juya. Daga baya ya ce a idonsa mutanen nan ba su da bambanci da masu reto a laima. Su biyun sun sake haɗuwa a 1990, suka ƙulla zumunci, kuma dukansu sun rasu a 2008.

Doka ta biyu da ta fi jawo gardama ita ce ta filin jirgi. Akwai masu shawagi a saman filin abokan gaba suna jiran wanda bai gama tashi ba su far masa. Sunan da ake kiran wannan ɗabi'a da Turanci daga sunan ungulu aka samo shi, kuma sunan ya dace. Wasu na cewa ai a yaƙin gaske an yi haka, kuma ba su yi ƙarya ba, jiragen ƙawance sun riƙa tare jiragen Jamus ƙirar Me 262 daidai lokacin sauka, don a nan ne aka fi iya cim musu. Amma mutumin da ya dawo daga aiki, ya ɓata minti goma yana tada inji, aka kashe shi kafin tayarsa ta bar ƙasa, gobe ba zai dawo ba. Don haka wasu dandalin sun hana kwata-kwata, wasu sun yarda idan filin na cikin wuraren da aka tsara kai wa hari. Karanta dokar kowane dandali kafin tashi shi ne aikin farko na baƙo.

Sauran ladubban na cikin gida ne. A rediyo ba a surutu da zarar an shiga fage, magana gajeriya ce, kuma da fuskar agogo ake nuna inda maƙiyi yake: ƙarfe 12 gaba, ƙarfe 6 baya. Mai rufa baya ba ya barin jagoransa don ya hango ganima. Ba a harbi ta saman kafaɗar abokin da ya riga ya bi jirgi, domin ko dai a ƙwace masa nasara ko a same shi da harsashi. A dandalin da suka fi tsanani babu wata alama da ke nuna wane ne naka, sai dai ka gane jirgi daga siffarsa, saboda haka harbin ɗan'uwa bisa kuskure na faruwa. Wanda ya ba da haƙuri nan take akan yafe masa. Wanda ya yi gum, ko ya maimaita, shi ke ganin ƙofa. Bayan fafatawa mai kyau kuwa, wanda ya ci da wanda aka ci kan rubuta wa juna harafin S da alamar motsin rai, wato sarawa irin ta soja.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin wasa. Dole wani ya tuƙa jiragen Jamus, in ba haka ba babu karawa, amma rundunoni da yawa da ke yin haka sukan rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba ruwansu da aƙidar Nazi. Nuna tambarin Nazi laifi ne a dokar Jamus, sai a 2018 aka sassauta wa wasannin bidiyo bisa sharaɗi. Siyasa, addini da zagin ƙabila ma an saba hana su, dokar da ta ƙara muhimmanci tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, ganin cewa ƴan ƙasashen biyu na cikin masu wasan.

Kishin gaskiyar kayan yaƙi ma ya taɓa wuce gona da iri. A Yulin 2021, wani mai wasan War Thunder ya wallafa wani ɓangare na takardun sirri na tankar Ingila ƙirar Challenger 2, don kawai ya nuna cewa an yi kuskure wajen zana ta a wasan. Kamfanin ya cire takardun. Bayan ƴan watanni aka sake yin irinsa da tankar Faransa ƙirar Leclerc. Ga soja ko ma'aikacin filin jirgi da ke wasa a lokacin hutunsa, irin wannan gardama na iya ƙarewa a gaban alƙali.

Ga matashin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai da ke sha'awar shiga, dokar da za ta fi ci masa tuwo a ƙwarya ba ta laima ba ce. Dandali da yawa na Turai ne ko Amurka, kuma wasu na fitar da duk wanda intanet ɗinsa ke jan ƙafa, domin jirginsa kan riƙa tsalle a allon sauran. Wasu kuma na lissafa yankewar layi a tsakiyar faɗa a matsayin mutuwa, saboda masu zare waya idan sun ga za su sha kaye, kuma na'ura ba ta bambanta matsoraci da wanda aka ɗauke wa wuta. Gara mutum ya faɗa wa kwamanda halin da yake ciki tun ranar farko. Ta fuskar lokaci dai da sauƙi: agogon Nijar ɗaya yake da na Faransa da Jamus a lokacin sanyinsu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ne suke gaba da awa ɗaya.