Kafin Ka Yarda a Yi wa Kwamfutarka Fomatin

Wanda ya bi titin Zariya daga Kano ya iso Kura, shinkafa ce za ta fara cika masa ido: ga wadda aka shanya, ga wadda aka ɗinke a buhuna, ga ƙarar injinan casa ta ko'ina. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ya mayar da Kura da Bunkure da Garun Malam ƙasar noman rani, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Abin da baƙo ba zai gani daga mota ba shi ne kwamfutocin da suka shiga wannan harka a hankali. Akwai sakataren ƙungiyar masu amfani da ruwa da yake ajiye sunayen manoma da girman gonar kowa da kuɗin ruwan da ya biya. Akwai mai injin casa da lissafin waɗanda yake bi bashi, da mai shagon taki da maganin feshi, da mai shagon buga takardu inda ɗalibai ke cike fom. Yawancin kwamfutocin nan na hannu ne, tokumbo, an sayo su a Kano, a Titin Beirut ko Farm Centre.

Ranar da irin wannan kwamfuta ta ƙi tashi, hukuncin da aka fi ji shi ne, “Sai an yi mata fomatin.” A goge komai, a ɗora sabuwar Windows. Idan kuma ɗorawar ta tsaya a hanya, sai hukunci na biyu ya biyo baya: “Had-dis ɗin ya mutu, Alhaji, sai an sayo sabo.” A ganina dukkan hukunce-hukuncen biyu ana yanke su da gaggawa, kuma mai kwamfuta ne yake kwana a ciki. Sau da yawa faifan ajiyar, wato had-dis ɗin, lafiyarsa ƙalau. A lokacin da kuma da gaske ya lalace, fomatin ba ya warkar da shi, sai dai ya tafi da abin da ya rage na bayanai.

Manomin rani ya san abin yi idan ruwa bai iso fangalinsa ba. Ba ya ɗaukar fartanya ya tone gonar. Bin kanal yake yi, ya duba ko ƙofar ruwa a rufe take, ko ciyawa ta toshe hanya, ko wani ne ya karkatar da ruwan a sama. Ɗora babbar manhaja irin Windows ma tafiya ce mai zango-zango. Fayilolin suna fitowa daga filash, su bi ta ramin USB, su yada zango a RAM, sannan a rubuta su a kan had-dis, kuma duk wannan yana gudana ne bisa saitin da ke cikin BIOS. Matsala a kowane zango tana iya fitowa a allo kamar laifin had-dis ne.

Amma kafin a taɓa ko'ina, a fara ceto bayanai. Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Windows ta ƙi tashi ba yana nufin fayiloli sun tafi ba. Mai gyara yana iya tayar da kwamfutar da filash mai ɗauke da Ubuntu ko Linux Mint ba tare da ya ɗora komai ba, ya buɗe had-dis ɗin, ya kwafe takardu da hotuna zuwa wani wurin. Yana iya kuma cire faifan, ya jona shi a wata kwamfutar ta ɗan akwatin USB. Aikin ba ya cin kuɗi sosai, lokaci kawai yake ci, kuma lokacin ne wasu masu gyara ba sa son bayarwa idan layi ya yi tsawo. Wuri ɗaya da ake cijewa shi ne idan faifan a kulle yake da BitLocker, wanda sababbin kwamfutoci da yawa suke zuwa da shi a kunne. A nan sai an nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda galibi yake ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. Shi ya sa duk wanda yake da kwamfuta ya kamata ya duba tun tana lafiya ko a kulle take, ya rubuta lambobin nan a takarda.

Bayan an kwafe bayanai, zango na farko da za a tuhuma shi ne filash. Fayil ɗin Windows ya haura gigabait 5, kuma sauke shi a kan layin da yake yankewa yana iya barin nakasu a ciki. Microsoft tana wallafa lambar tantancewa ta SHA256 a shafin da ake saukewa, domin a gwada ko fayil ya sauka cikakke, amma kaɗan ne suke dubawa. Ga kuma jabun filash, wanda aka rubuta masa 64GB alhali abin da yake iya ɗauka bai kai rabin rabin haka ba. Yana karɓar fayil kamar gaske, sai an zo karantawa a tarar da shirme. Manhajar H2testw tana tona asirinsa. Akwai kuma iyakar tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4, alhali babban fayil ɗin da ke cikin Windows ta yanzu ya wuce haka. Wanda ya kwafa da hannu zai sha wahala. Manhajar Rufus ko wadda Microsoft ta tanada don haɗa filash sun san hanyar kauce wa wannan. Idan ɗorawa ta tsaya tsakiyar kwafar fayiloli da lamba irin 0x8007025D ko 0x80070570, a sake haɗa wani filash ɗin, a canza ramin USB, sannan a duba RAM.

RAM ɗin nan ana yawan mantawa da shi, alhali a yankin nan shi ne abokin ƙura. Ga ƙurar hunturu, ga ta ɓuntun shinkafa da take tashi a kusa da injinan casa, tana shiga ko'ina. Cikin had-dis kansa ba ta cika isa ba, domin a rufe yake da matacin iska. Inda take ɓarna shi ne fanka da hanyoyin iska da bakin RAM. A cire RAM ɗin, a goge haƙoransa, a mayar. Idan guda biyu ne a gwada su ɗaya bayan ɗaya, ko a bar MemTest86 ta yi ta gwaji. Kwamfutar da take mutuwa ɗif ana tsakiyar ɗorawa kuwa, a fara zargin zafi. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa, ɗora Windows kuma aiki ne da yake sa kwamfuta gumi. Fankar da ƙura ta shaƙe ba za ta iya ba.

Matsalar da ta fi rikita mutane ita ce saƙon da ke cewa ba za a iya ɗora Windows a wannan faifan ba, tare da ambaton GPT ko MBR. Nan ne ake yi wa had-dis mai lafiya ƙazafi. Waɗannan tsare-tsare biyu ne na rubuta yadda aka kasafta faifai. MBR tsoho ne, tun 1983 yake, ba ya ɗaukar manyan kaso fiye da huɗu, kuma ba ya iya amfani da abin da ya wuce terabait 2. GPT shi ne na zamani, Windows tana yarda da kaso har 128 a kansa. Hanyar tashin kwamfuta ma biyu ce: tsohuwar hanyar BIOS da sabuwar hanyar UEFI. Ƙa'idar Windows a nan ba ta da wuya. Idan an tayar da filash ta UEFI, faifan GPT take nema. Idan ta tsohuwar hanya aka tayar, MBR take nema. Saƙon kuskuren yana cewa ne kawai an haɗa waɗanda ba sa tafiya tare.

Maganin sau da yawa bai wuce sake kunna kwamfuta ba. A danna madannin zaɓen inda za ta tashi, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, za a ga sunan filash ɗin ya fito sau biyu a kwamfutoci da yawa, ɗaya da UEFI a gabansa, ɗaya babu. A zaɓi wanda ya dace da faifan, shi ke nan. Abin da wasu suke yi maimakon haka shi ne su danna Shift da F10, su buɗe diskpart, su rubuta clean. Umarnin yana aiki, saƙon kuskuren yana ɓacewa, amma yana shafe teburin kason faifan gaba ɗaya, har da kason D inda mai kwamfuta ya tara takardunsa yana ganin ya tsira daga fomatin. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Idan hakan ta riga ta faru, a tsaya cak, kada a ɗora komai, domin a had-dis ɗin bayanan suna nan kwance, kuma manhaja irin TestDisk tana iya dawo da kason muddin ba a rubuta wani abu a kai ba. Wanda yake son komawa GPT ba tare da asara ba, Windows 10 tana da mbr2gpt tun 2017.

Wani lokacin kuma ana isa wurin zaɓen faifai sai a ga wayam, babu ko ɗaya. A fara leƙa BIOS. Idan BIOS yana ganin faifan, to yana raye, direba ne babu. Wannan ya yawaita a kwamfutocin da ke da Intel zubi na 11 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2020, saboda fasahar VMD da ke tsakanin faifan da manhaja. Sai a sauko da direban Intel RST daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar a ɗora shi a wannan matakin, ko a kashe VMD a BIOS. A wasu kuma sauya saitin SATA daga RAID zuwa AHCI ne yake bayyana faifan. Sai dai a kula, sauya wannan saitin a kwamfutar da Windows ɗinta ke aiki yana hana ta tashi. Idan kuma saitin yana komawa yadda yake duk lokacin da aka kashe, agogon kwamfutar ma yana ɓata, ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, shi ne ya ƙare. Idan BIOS ɗin ma bai ga faifan ba, a buɗe a duba ko ya goce daga mazauninsa. Kwamfutar da take yawo a bayan babur a kan hanyoyin cikin gonaki tana shan jijjiga.

To, yaushe ne had-dis yake da laifi da gaske? Shi da kansa yana faɗa. Faifan zamani yana riƙe da rahoton lafiyarsa da ake kira SMART, kuma CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana karanta shi cikin ɗan lokaci. Tana nuna awannin da faifan ya yi yana aiki, da adadin gurabun da suka lalace aka musanya su, da waɗanda ke jiran hukunci. Idan waɗannan lambobin suna ƙaruwa, ko faifan yana ƙas-ƙas, ko fomatin yana maƙalewa a wuri ɗaya kullum, to kwanansa ya kusa ƙarewa. Ɗora Windows a kansa ɓata lokaci ne. Ko ta hau, ba za ta daɗe ba. Ya kamata a fahimci abin da ke cikinsa: faranti ne yake juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allurar karatu tana shawagi a samansa da tazarar da ta fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba. Faɗuwa ɗaya yana cikin juyawa ta isa. Ɗaukewar wuta ana cikin rubutu kuma tana barin fayiloli a rabi, shi ya sa kwamfutar tebur da ke kan janareta ba UPS, ko ta tafi-da-gidanka da batirinta ya mutu, take yawan wayar gari Windows ɗinta a lalace. Kada a fara ɗorawa sai an tabbatar wutar za ta kai ƙarshen aikin, ta sola ce ko ta inji.

Idan sauyi ya zama dole, shawarata a sayi faifan SSD. Ba shi da abin da ke juyawa, ba ya tsoron jijjigar babur, kuma yana sa tsohuwar kwamfuta ta yi sauri fiye da duk wani gyara. Aibinsa biyu ne da ya kamata a sani: abin da aka goge a kansa da wuya ya dawo, kuma idan zai mutu ba ya yin ƙarar gargaɗi. Wanda zai sayi na hannu ya nemi a buɗe masa rahoton SMART a gabansa kafin ya biya.

Akwai sabon cikas da ba shi da alaƙa da faifai ko kaɗan. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana neman TPM 2.0, da UEFI, da RAM gigabait 4, da wurin ajiya gigabait 64, da Intel zubi na 8 ko abin da ya yi sama. Tokumbo da yawa da ke hannun mutane, irin su EliteBook 840 G3 da Latitude E7470 da ThinkPad T460, zubi na 6 ne. Ƙarfinsu bai ƙare ba, amma Windows 11 za ta ce ba su cika sharaɗi ba. Rufus yana iya tsallake binciken, sai dai Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan kwamfutoci sabuntawa ba. Ga wanda aikinsa rubutu ne da lissafi da shiga intanet, Linux Mint ta ishe shi, kuma kyauta ce. Abin da ba zan ba kowa shawara a kai ba shi ne Windows ɗin da wani ya yi wa kwaskwarima ya saka a intanet da sunan mara nauyi. Ba ka san abin da ya cire ba, ba ka san abin da ya dasa ba, kuma a kan wannan kwamfutar kake buɗe asusun banki.

Ga 'yan'uwa masu gyara na Kura da Bunkure da cikin birni: ku riƙa tambayar mai kaya abin da ke cikin kwamfutarsa kafin ku danna komai, ku caji kuɗin ceto bayanai daban idan ya kama, mutane za su biya. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin manoma da masu injinan casa da shugabannin makarantu, ku ware filash mai kyau ko had-dis na waje, a riƙa kwafe lissafi duk ranar Juma'a, a ajiye shi a wani gidan daban. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi kuma, kada ka bar shagon mai gyara sai ka ga fayilolinka a wani wurin da idonka, sannan ka ce masa ya ci gaba.