Lambobin Bayan Leda: Karanta Sitaci da Sukari a Jikin Kayan Abinci

Idan likita ya ce wa mai ciwon sukari ko mai son rage ƙiba ya rage sitaci, abin da yake fara yi shi ne daina zuba sukari a shayi. Daga nan sai ya shiga kanti ya ɗauko biskit ɗin da aka rubuta wa "babu sukari" da manyan baƙaƙe, ya biya hankali kwance. Da zai juya ledar ya duba ɗan jadawalin nan mai ƙananan rubutu, da ya ga yawancin biskit ɗin fulawa ce. Fulawa kuwa sitaci ce, tana shiga ciki jiki yake mayar da ita gulukos, wato sukarin da na'urar gwaji take nunawa da safe.

Layin da ake nema shi ne na kabohaidiret, wanda kayan Nijar da na Faransa suke rubutawa "glucides". Shi ne jimillar sitaci da sukari. Layin sukari da ke ƙasansa yana cikin wannan jimilla, ba a sake haɗa su. Masu tsarin rage sitaci galibi suna tsayawa ƙasa da giram 130 a rana, masu tsanantawa, 'yan kito, tsakanin giram 20 zuwa 50. Kason cikin ɗari da kayan Amurka suke sawa a gefe kuwa ba naka ba ne, domin an gina shi a kan mai cin giram 275 a rana.

Amma kafin lambar, tambayi kanka: ta nawa ce? Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Wani jadawalin na giram 100 ne, wani na ci ɗaya, kuma kamfani ne ya yanka ci ɗayan, ba cikinka ba. Zai ce biskit uku, kai kuwa ka cinye leda guda kana kallon ƙwallo. Ɗauki Coca-Cola: tana da sukari kusan giram 10.6 a kowace mililita 100. Lambar ba ta da ban tsoro. Sai dai robar 50cl mililita 500 ce, ka ninka sau biyar, giram 53 ke nan. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar sukari kamar giram 4, ka ga cokali goma sha uku a roba ɗaya. Wa zai zuba haka a shayinsa yana kallo? Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce irin wannan sukari kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum yake samu daga abinci, kimanin giram 50 ga babba a yini guda.

Sai batun faiba, wato ɓangaren abinci irin na dusa da ganye wanda hanji ba ya narkarwa, ba ya kuma ɗaga sukari. Kantunanmu suna tara kayan ƙasashe daban-daban a kanta ɗaya, kuma ba lissafi ɗaya suke yi ba. A jadawalin Amurka faiba tana cikin jimillar, shi ya sa masu rage sitaci suke cire ta. A na Tarayyar Turai da Birtaniya, bisa dokar da aka yi a 2011, an riga an ware ta a layinta daban. A ce abinci yana da jimillar giram 20, takwas daga ciki faiba. Ba'amurke zai rubuta 20, Bature ya rubuta 12, abu ɗaya suke nufi. Wanda ya sake cire takwas daga 12 ɗin Turai ya samu 4 ya yaudari kansa, ya ci ninki uku na abin da ya rubuta a littafinsa. Alamar rarrabewa mai sauƙi ce: idan faiba ta ɗan shige ciki a ƙarƙashin "Total Carbohydrate", na Amurka ne.

Ni dai ba na yarda da "net carbs", wato ragowar kabohaidiret bayan an cire faiba da makamantanta, da ake mannawa a gaban leda. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta ba wannan kalma wata ma'ana a doka ba, kowane kamfani da nasa lissafin. Yawanci sukan cire kayan zaƙin da ake kira foliyol gaba ɗaya, alhali ba duka suka zama ɗaya ba. Erythritol kusan ba ya taɓa sukarin jini, amma maltitol, wanda ya cika cakulan "babu sukari", yana ɗaga shi, idan kuma aka yawaita ya saki ciki. Sifili ma abin dubawa ne. Dokar Amurka ta yarda a rubuta 0 idan abu bai kai rabin giram ba a ci ɗaya. Ƙwayar alewar Tic Tac ba ta kai rabin giram ba, don haka takan fito da sifili, alhali kusan dukkanta sukari ce.

Jerin kayan haɗi yakan tona abin da jadawali ya rufe, domin ana jera su ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci. Ka ga maltodextrin, dextrose ko glucose syrup a sahun gaba, to ka san inda aka dosa.

Lambar da ke jikin buhun shinkafa ko ledar taliya galibi ta busasshiya ce. Giram 100 na ɗanyar farar shinkafa yana da sitaci kusan giram 80, dafaffiya kuma kamar 28, saboda ta sha ruwa. Tuwo da fura da masa ba su da leda balle jadawali, kuma su ne suka fi cika kwanon yawancinmu, nan sai awo da cokali ko ƙaramin sikeli. Mai yin allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide kuma kada ya zaftare sitaci kafin ya ga likitansa, domin idan abinci ya ragu magani bai ragu ba, sukari yana iya faɗuwa har mutum ya suma.