Ɗumamar Teku, Narkewar Ƙanƙarar Arewa da Daminar Sakkwato

Mutumin Unguwar Rogo da ke fama da zafin bazara, wanda a Birnin Shehu yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu, in aka ce masa ƙanƙara na narkewa can ƙarshen arewacin duniya, ba mamaki ya ce ina ruwan biri da gada. Amma kuwa lalle da ruwansa, domin tekun da ke cinye waccan ƙanƙara shi ne dai tekun Atilantika, wanda daga gare shi iskar damina ke ɗauko mana hadari kowace shekara.

Asalin al'amarin shi ne hayaƙin fetur da kwal da ya taru a sararin samaniya yana riƙe zafi, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wannan rarar zafi teku ne ke shanyewa. A gaɓar tsibirin Girinlan, inda ƙanƙara ta yi tsauni tana malalowa cikin teku sannu a hankali, ruwan ɗumi mai gishiri, saboda nauyinsa, yakan kwanta ƙarƙashin ruwan sanyi, ya kutsa cikin kwazazzabai masu zurfi, ya riƙa cin gindin ƙanƙarar, kamar yadda ruwan da ya kwanta ke cin gindin katangar laka alhali samanta na nan ƙalau, har ranar da za ta rushe baki ɗaya. Haka ta faru ga ƙanƙarar Jakobshavn da ke Girinlan: a shekarar 1997 ruwan ɗumi ya iso gare ta, cikin 'yan shekaru goshinta ya farfashe, saurin malalowarta ya kusa ninkawa. Ma'aunin taurarin ɗan Adam na hukumar NASA ta Amurka ya nuna cewa tun 2002 Girinlan na asarar kimanin tan biliyan 270 na ƙanƙara kowace shekara. In da za ta narke duka, da teku ya ƙaru da kamar mita 7, abin da mutanen Legas ba za su so ji ba.

Mu kuwa namu rabon ta wajen ruwan sama yake zuwa. Masana sun gano cewa farin shekarun 1970 da 1980, wanda dattawanmu ba su manta ba, yana da alaƙa da sanyayar arewacin Atilantika in an gwada da kudancinsa, kuma suna tsoron ruwan ƙanƙarar nan marar gishiri ya raunana igiyar tekun da ke kai ɗumi arewa, damina ta ja da baya zuwa kudu. Kafin nan, iska mai zafi ta fi ɗaukar ruwa, sai ta zubo shi gaba ɗaya. Wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010, sa'ad da gulbin Rima ya cika ya yanke hanyar Kwalkwalawa zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san ma'anar wannan.

Hana teku ɗumama hakki ne da ya fi rataya a wuyan manyan ƙasashe masu masana'antu, amma tawakkali bai hana riƙon sababi ba. Don haka, jama'ar Unguwar Rogo da maƙwabta, ku yashe magudanan ruwa tun kafin faɗuwar damina, kada a yi gini a kan hanyar ruwa, a dasa dogon yaro a ƙofar gida a kula da shi, manoma kuma su saurari hasashen hukumar yanayi ta NiMet kafin su zuba iri.