Sansanin Koya wa Samari Kurame Shugabanci

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada wadda ya kamata hakimai da malaman ofis su san labarinta, domin ta shafi jama'ar da ke cikin kowace gunduma, watau kurame. Idan makarantu suka tashi dogon hutu, a kan tara samari da 'yan mata kurame a wani sansani a bayan gari, su yi mako 4 ana koya musu riƙon jama'a.

Asalin abin kuwa shi ne, kuramen Amurka suna da babbar ƙungiya tasu ta kansu wadda suka kafa tun 1880. A cikin 1969 waɗansu shugabanninta guda 2, Frank Turk da Gary Olsen, dukansu kurame, suka buɗe sansani na fari a jihar Pensilbaniya. A 1970 aka mai da shi bakin wani tafki a jihar Minesota, daga baya kuma aka kai shi waɗansu wurare.

Dalilin kafa shi

Masana sun tabbatar cewa daga cikin yara kurame 10, wajen 9 iyayensu masu ji ne. Irin wannan yaro ya kan tashi a gidan da ba wanda ya iya maganar hannu sosai. Ana hira ba shi ciki, ana shawara ba a tambayarsa. In an aike shi, aiken ɗaukar kaya ne, ba na kai saƙo ba. Hankalinsa kuwa lafiya lau ya ke, kunne kaɗai ya rasa. Amma wanda ba a taɓa ba shi riƙon kome ba, ina zai koyi riƙo? Da haka sai ya girma yana jiran wani ya yanke masa shawara, mutane kuma su ɗauka halinsa ke nan.

Yadda a ke tafiyar da shi

A sansanin, maganar hannu ita ce harshen kowa, tun daga babban malami har ƙaramin almajiri. Yawancin masu horon su ma kurame ne, watau yaro yana ganin babban mutum irinsa yana ba da umurni ana bi. A kan raba yaran ƙungiya ƙungiya, kowace da aikinta. Su ke zaɓen wakilansu, su zauna majalisa, su yi muhawara bisa ƙa'ida, su shirya 'yar jaridarsu, su yi aikin gayya da wasanni. Wanda ya shugabanci taro yau, gobe shi ne mabiyi. In shiri ya ɓaci, ba mai ji da zai zo ya gyara musu, sai su zauna su binciko inda kuskuren ya ke.

Amfaninsa iri 3 ne. Na fari, yaro ya kan saba da tsayawa gaban jama'a ya faɗi ra'ayinsa. Na biyu, ya kan koyi haƙuri da ra'ayin da ya saɓa wa nasa. Na uku, ya kan koma gida da abokai daga jihohi masu nisa, waɗanda za su zama abokan shawararsa in sun girma.

Abin da kurma kan iya

Jami'ar Gallaudet da ke birnin Washintan ta kurame ce, an kafa ta a 1864, amma ta yi shekara 124 ba a ba kurma shugabancinta ba. A watan Maris 1988 aka sāke naɗa mai ji. Ɗalibai suka rufe ƙofofi mako guda, suka tsara bukatunsu, suka naɗa masu magana da yawunsu. Ƙarshe dai aka naɗa I. King Jordan, kurma na fari da ya riƙe ta. Irin wannan tsari ba ya samuwa sai ga waɗanda suka saba da taro tun suna ƙanana.

Har wa yau wani kurma baƙin Ba'amurke, Andrew Foster, wanda ya gama Gallaudet a 1954, shi ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, sa'an nan a Badun a 1960. Kafin rasuwarsa a 1987 ya kafa makarantu wajen 30 a ƙasashen Afirka.

Abin lura ga hakimai

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan magana. Kurame suna da maganar hannu tasu tun kaka da kakanni, a Kano kuma an san sarautar Sarkin Bebaye, mai wakiltar jama'arsa. Abin da ya rage shi ne renon magada. Wannan ba ya bukatar tafki ko kuɗi masu yawa. Ajin makaranta guda a lokacin hutu ya isa, muddin manyan kurame ne ke koyarwa, yaran kuma su ke riƙe da aikin.

Saboda haka ya kyautu kowane hakimi ya sa malaminsa ya rubuta yawan yara kurame na gundumarsa, ƙauye ƙauye, ya kuma ja hankalin iyaye su bar su su sadu da 'yan'uwansu. In ƙarar kurma ta zo gabansa, ya nemi tafinta, ya karɓi bayani daga hannun mai ƙarar, kada ya wadatu da abin da dangi suka faɗa a madadinsa.