Shaidun da ke Gaban Direba

Wannan magana ce ga fataken ƙasar Yawuri masu ɗora dukiyarsu a mota. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye gungaye, aka tayar da Gungawa zuwa sababbin garuruwa, amma kifi da albasa ba su daina fita daga Yelwa da Wara zuwa Kwantagora da Kudu ba. Su kuwa kaya ne marasa haƙuri. In inji ya ƙone a daji, albasa ba ta jiran bakanike.

A gaban direba akwai allo mai agogai da fitilu: agogon zafin ruwa, da na man tanki, da na gudu, da jar fitilar baƙin mai, da ta batir. Waɗannan shaidu ne bisa abin da ido ba ya gani. Malamai kuwa sun san alƙali ba ya hukunci da shaida sai an yi masa tazkiyya, gama wani sa'i inji ne ba shi da lafiya, wani sa'i agogon ne ke ƙarya.

Ga yadda ake tazkiyyarsu. A murɗa makulli, kada a ta da inji. Lalle fitilun su kama, sa'an nan su mutu in inji ya tashi. Wadda ta ƙi kamawa, ko ƙwanta ya ƙone, ko kuwa wani ya cire shi da gangan domin ya sayar da mota da aibinta a ɓoye, abin da shari'a ta hana. In agogai suka mutu gaba ɗaya a lokaci guda, da wuya laifin ya zama na inji. A duba fiyus, da wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, wadda tsatsa da girgizar hanya kan kwance. In ɗaya ne kaɗai, a bi wayarsa har inda yake karɓo labari. Na mai, alal misali, daga wani ɗan abu mai iyo cikin tanki yake ji. In ya maƙale sai allura ta ce saura rabi, alhali tanki ya bushe.

In fitilar batir ta kama, allurar zafi kuma tana hawa, shaidu biyu sun haɗu ke nan: galibi fambel ne ya tsinke, domin a tsofaffin motoci shi ke juya dinamo da famfon ruwa tare. Abin da ya fi ruɗi shi ne allura ta hau ƙwarai, kana ta sauko da kanta. Direba ya yi murna, nan kuwa ruwan lagireto ne ya zube har ma'aunin ba ya taɓa ruwa. Kada a buɗe murfin sai ya huce, tururinsa yana sale fuska.

Ita jar fitilar baƙin mai ba a jayayya da ita a kan hanya. A tsaya, a kashe inji, a zaro sandar awo. Ko an iske mai a cike, mai yiwuwa famfonsa ne ya gaza, sai bakanike ya auna.

Ƙananan motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da kafa kusa da sitiyari, inda ake jona na'ura ta karanto ciwon. Ita ma wurin da za a duba take nunawa, gyara sai da hannu da sani.

Falken da zai yi shatar mota daga Yelwa, kafin a ɗora buhu na farko, ya tsaya kusa da direba, a murɗa makulli a gabansa, ya ga kowace fitila ta kama.