Wa ke yanke wa audugar Kankiya farashi?

In ka tambayi manomi a Kankiya ko Kusada dalilin da ya sa ya rage noman auduga, ko ya bar shi baki ɗaya, amsar ba ta wuce abu huɗu: iri ya lalace, taki da maganin feshi sun yi tsada, 'yan ƙwadagon tsinka sun fi ƙarfin aljihu, sannan ranar sayarwa mai saye ne ke faɗin kuɗi, kai naka ido. Duk gaskiya ne. Sai dai shi ma mai sayen ba da ka yake yanke farashi ba. Yana duban abin da kamfanin gurza zai ba shi, kamfanin kuma yana duban yadda ake sayar da dilar auduga a kasuwar duniya. A can ɗin kuwa ba damina da ƙwazon manomi kaɗai ke aiki ba, har da baitulmalin manyan ƙasashe.

Abin da ake kira tallafin fitar da amfanin gona waje ba shi da wuyar ganewa. A ce mutum biyu sun kai buhun gero kasuwar Charanchi, kowannensu ya kashe dubu talatin kafin buhun ya shiga hannu. Na farko dole ya sayar sama da haka, in ba haka ba ya faɗi. Na biyu kuwa mahaifinsa ya ce masa ya sayar ko nawa aka taya, in ya dawo gida zai cika masa. Sai ya sallama a dubu ashirin da biyar. Daga wannan lokacin farashin gero a kasuwar ya zama dubu ashirin da biyar, ko na farko ya so ko ya ƙi. Haka gwamnati ke yi idan ta biya manomanta ko 'yan kasuwarta don su fitar da kaya waje a ƙasa da abin da aka kashe wajen noma su.

Mu a nan akasin haka muka sani. Dattawa suna tuna zamanin fuloti: a raba angurya kyauta kafin shuka, a faɗi farashi, da kaka a ɗoro auduga a kan jakuna, malami ya buɗe ya duba ko an haɗa da datti ko an yayyafa ruwa don ƙara nauyi, ya ba ta lamba ɗaya ko lamba biyu, a ɗora a sikeli, a biya nan take. Tsari ne mai kwantar da hankali, shi ya sa har yau ake begensa. Amma hukumomin sayen amfanin gona na wancan lokaci suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya ne, rarar kuma ta tafi asusun gwamnati. Wato lokacin da wasu ƙasashe ke ƙara wa manomansu, mu ragewa ake yi wa namu. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, har da Hukumar Auduga mai hedikwata a Funtuwa. Aka bar manomi da kasuwa, babu mai tabbatar da ingancin iri, babu farashin da aka lamunce masa.

Kasuwar da aka tura shi kuwa ba a kan adalci take ba. A kakar 2001 zuwa 2002 farashin auduga ya faɗi zuwa wajen santi 40 na dala a kan kowace laba, faɗuwar da aka yi shekaru masu yawa ba a ga irinta ba. Ka'idar kasuwa ita ce in farashi ya karye, noma ya ragu. Amurka kuwa tallafi ta zuba wa manomanta. Ƙungiyar agaji ta Oxfam ta fitar da rahoto a 2002 inda ta ce gwamnatin Amurka ta ba manoman auduga kimanin 25,000 tallafin dala biliyan 3.9 a wannan kakar, kuɗin da ya zarce duk abin da tattalin arzikin Burkina Faso ke samarwa a shekara. Cikin shirye-shiryen akwai wani da ake kira Step 2, wanda ke biyan masu fitar da kaya da masaƙu kuɗi don su sayi audugar Amurka ko da ta fi ta waje tsada.

Hanya biyu aka bi don yaƙar wannan, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya isa abin nazari. Ƙasashe huɗu na Afirka, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali, sun bi hanyar kai kuka. A 2003 Shugaba Blaise Compaoré ya je Janeba da kansa ya gabatar da ƙorafinsu a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO. Taron ministoci da aka yi a Cancun ta ƙasar Meziko a watan Satumba na wannan shekara ya watse ba a cimma komai ba, batun auduga na cikin abubuwan da suka dagula shi. Duniya ta tausaya, jaridu suka yi ta rubutu, aka yi alkawura a Hong Kong a 2005.

Barazil kuwa ƙarar Amurka ta shigar a kotun WTO. Ta fara a 2002, ta yi nasara a 2004, Amurka ta ɗaukaka ƙara, aka sake ba Barazil gaskiya a 2005. Amurka ta soke Step 2 a 2006 amma ta ci gaba da sauran. A 2009 aka ba Barazil izinin ramuwa ta ɗaruruwan miliyoyin daloli, har da damar taɓa haƙƙin mallakar kamfanonin magunguna da na finafinan Amurka. Nan ne fa magana ta canja. Maimakon ta daina tallafin, sai Amurka ta amince a 2010 ta riƙa biyan dala miliyan 147 duk shekara ga wata cibiyar bunƙasa auduga ta Barazil, daga baya a 2014 aka rufe shari'ar da biyan dala miliyan 300 a dunƙule. A lura da kyau: gwamnati guda tana biyan manomanta, tana kuma biyan manoman wadda ta kai ta ƙara don a bar zancen. Benin da Chadi sun shiga shari'ar a matsayin masu ruwa da tsaki, amma da aka zo rabon diyya ba su cikin lissafi. Dokin mai baki ya fi gudu. Abin da kotun ke iya bayarwa shi ne izinin ramuwa, to wace ramuwa Chadi za ta yi wa Amurka har ta ji a jikinta?

A watan Disamba na 2015, a taron Nairobi, ƙasashen WTO suka amince a kawar da tallafin fitar da amfanin gona waje. Ci gaba ne, ba a musu. Amma mafi yawan kuɗin da ake zubawa ba da wannan sunan suke fita ba, suna fita ne a matsayin tallafin cikin gida: inshorar amfanin gona mai rangwame, lamunin farashi, saye a ajiye. An dai canja wa tuwo suna. Kuma yanzu ba Amurka kaɗai ba ce, Sin da Indiya ma suna kashe maƙudan kuɗi a kan manoman audugarsu. Ita kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ta daina aiki tun Disambar 2019 saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai. Da aka yanke wa Indiya hukunci a 2021 kan tallafin sukari, a ƙarar da Barazil da Ostireliya da Guatemala suka shigar, sai kawai ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun da babu kowa a cikinta. 'Yar Najeriya ce, Ngozi Okonjo-Iweala, ke jagorantar WTO tun 2021, amma shugaba a can ba ya umarni, sai abin da ƙasashe suka yarda. Taron Abu Dhabi na 2024 ya tashi ba yarjejeniya a kan noma.

Da zan tsaya a nan da na yi wa mai karatu rowar rabin labari, domin ɗora komai a kan Turawa ya fi sauƙi. Tallafin waje bai kashe wutar lantarki a Kakuri ta Kaduna ba. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, saboda tsadar wuta da baƙin mai, tsofaffin injuna, da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika Kantin Kwari. Masaƙa ita ce babbar mai sayen audugar Katsina. Da ta durƙushe, sai masu gurza suka koma dogaro da kasuwar waje, wato daidai inda tallafin wasu ya fi cizo. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi kuɗin waje a farashin gwamnati, ya kuma ƙaddamar da rabon irin auduga a Katsina. An ɗan ga motsi, amma shirin bai yi ƙarko ba, ga bashin da ba a biya ba, ga matsalar tsaro da ta hana shiga gonaki a wurare da dama.

Maƙwabciyarmu Benin farashin duniya ɗaya muke fuskanta da ita, tallafin Amurka da na Sin ɗaya ke dukanmu, amma a 'yan shekarun nan ta kai ga noma sama da tan 700,000 a kaka guda. A Mali akwai kamfanin CMDT, a Burkina Faso akwai SOFITEX. Suna faɗin farashi tun kafin a yi shuka, su ba da iri da taki da magani bashi, su cire kuɗinsu ranar awo. Tsarin na da nasa aibin, manoma kan yi kukan jinkirin biya, amma mutum yana shiga gona ya san inda ya dosa. Manomin Kafin Soli ko na Gidan Mutum Ɗaya ba shi da wannan, don haka in ya zauna da lissafinsa kafin ruwan shuka, gonar da ubansa ke sa wa auduga sai ya ba ta wake, ko waken suya, ko riɗi. Riɗin ma yawancinsa waje ake kai shi, ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya, kuma can ake yanke masa kuɗi.